A Riƙa Duba Na'urorin Masana'anta Kafin Su Ƙone

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi magana da masu masana'antu a arewacin Kamaru, tun daga masu gurzar auduga da matsar mai a Garwa da Marwa, har masu casar shinkafa a yankin Yagwa da masu ƙananan injinan niƙa. Maganarmu a kan na'urar da ke sarrafa gudun moto ce, wadda a nan ake kira bariyater, 'yan Najeriya kuma ke cewa inbata. Da ta ƙone sai ka ji ana zagin wuta. Gaskiya wutar tana da nata laifin, musamman idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, amma yawancin waɗanda ake buɗewa zafi da ƙura ne suka cinye su a hankali.

Masu ƙera waɗannan na'urori galibi sun tsara su ne su ɗauki cikakken nauyi a iskar da ba ta wuce digiri 40 ba. A Garwa kuwa, a watan Maris da Afrilu, inuwa ma tana kai haka, balle cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano. Abin da zafi ke fara ci shi ne manyan kwandansa na ciki, wato sassan da ke tara cajin lantarki, domin duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin tsawon rayuwarsu. Saboda haka a sa ma'aunin zafi a cikin akwatin, a riƙa rubuta abin da ya nuna da azahar. In ya haura 40, a rage wa moton nauyi ko a sanyaya ɗakin. Buɗe ƙofar akwati a kafa masa fankar tsaye, kamar yadda aka saba, gayyatar ƙura ce kawai.

Littafin na'ura zai ce a duba matatar iska bayan wata uku ko shida. Wanda ya rubuta shi bai san hazon hunturu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da gurzar auduga ta kankama, a cire matata kowane mako a kakkaɓe, in ta yage a canza. Burbushin auduga yana toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi, ya zama kamar bargo. A zuƙe shi da injin zuƙa. In dole sai an hura, to da busasshiyar iska mara ƙarfi, don iskar kwamfureso tana zuwa da ruwa da mai, su haɗu da ƙura su zama laka a kan allon lantarki. Fankar cikin na'urar a canza ta bayan shekara 3 zuwa 5 ko da tana juyawa. Kuɗinta bai kai komai ba in aka gwada da na abin da take karewa. Ramukan da wayoyi ke shiga kuma a toshe su, saboda tsaka da ɓera da zanzaro.

Ga inda rai yake, kuma muna roƙon matasa masu koyon aiki su ji da kyau. Kashe wuta ba ya nufin babu sauran lantarki a cikin na'urar. A layin bolt 380, kwandansa suna riƙe da kimanin bolt 540, kuma ba sa saukewa nan take. A kashe, a sa kwaɗo a makunni, mai aikin ya riƙe makullin a aljihunsa, a jira mintin da aka rubuta a jikin na'urar, galibi 5 zuwa 15, sannan a auna da mita. Sai ya sauka ƙasa da bolt 50 za a sa hannu.

Babban gyara lokacinsa damina ne, sa'ad da gurza ta tsaya. A bi duk wurin da waya ta haɗu da ƙarfe a duba ɗaurinta, domin girgiza tana sassauta noti, sako-sakon noti yana zafi, zafin ya ƙara sassauta shi har ya yi baƙi. A ɗaure gwargwadon ƙarfin da littafi ya faɗa, kada a murɗa har zaren ya mutu. A auna lafiyar rufin wayar moto da na'urar awo da ake kira mega a bolt 500, amma sai an cire wayoyin daga jikin bariyater tukuna, in ba haka ba awon da kansa zai kashe ta. Moton da ya nuna ƙasa da megom 1 a wannan awon, ba a kunna shi sai an busar da shi. A rubuta adadin kowace shekara, don saukarsa a hankali ita ce gargaɗin. Boris kuma a sa masa giris daidai awo, iri ɗaya. Cika shi maƙil yana sa shi zafi, haɗa giris iri biyu yana iya tsinka su. Kafin hadarin farko a duba wayar ƙasa da na'urar kare tsawa.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na farko, bariyater da aka saya aka ajiye a sito don ranar larura. In ta shekara biyu ba a ba ta wuta ba, kwandansanta sun yi rauni, kuma suna iya fashewa ranar da aka ɗora ta. A riƙa jona ta sau ɗaya a shekara na kamar awa ɗaya ba tare da moto ba. Na biyu, otomat, wato ƙwaƙwalwar da ke ba injuna umarni. Da yawa suna da ƙaramin batir mai riƙe bayanai. A irin waɗannan, a canza shi wuta tana kunne, sai dai in littafi ya ce akasin haka. A kwafe shirin otomat da saitin kowace bariyater a ajiye wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a takarda cikin ofis. Abin takaici ne masana'anta ta tsaya makonni ana jiran injiniya daga Duwala saboda lambobin da za a iya rubutawa a shafi biyu.

Roƙonmu ga iyayen gidanmu masu masana'antu shi ne su ware kuɗin matata da fanka da batir a kasafin shekara, su ajiye littafi a jikin kowane akwati, su kuma ba mai gyara izinin tsayar da inji na awa biyu in ya ce yana jin ƙauri.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin wutar masana'antu,
Garwa, Kamaru