Zuwa ga ɗana, kan ɗakin nan da ka kama a Hřensko

Assalamu alaikum. Ya sanyi, ya karatu? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiya da ta ɗan motsa.

A bakin ƙanwarka na ji wai ka bar garin Děčín ka samu aikin hutu a wani otal a ƙauyen Hřensko na ƙasar Cek, har ka kama ɗaki a ƙasa, tagarka na kallon ruwa. A bakin ƙanwarka fa, kai baka iya ɗaga waya ka gaya min ba, don ka san abin da zan ce.

To na san ƙauyen nan tun ba a haife ka ba. Lokacin muna karatu a Prague an kai mu yawon buɗe ido, a zamanin ƙasar na Cekoslobakiya, tsallaken kogin kuma Jamus ta Gabas ce, sai an duba fasfo. Na hau har wajen dutsen nan mai baka, Pravčická brána, ƙafata ta yi kwana biyu tana ciwo. Wurin yana da kyau wallahi, ban musa maka ba. Amma ka tsaya ka kalli yadda garin ya zauna: layin gidaje ne a matse cikin kwazazzabo, dutse a bayanka dutse a gabanka, ƙaramin kogin Kamenice a tsakiya yana gangarowa ya faɗa babban kogin Labe, wanda Jamusawa ke ce ma Elbe. Duk ƙasar Cek babu inda ya kai nan gangare, mita 115 kacal sama da teku. Ka gane me nake nufi? Ruwan da aka yi a Prague, kogin Vltava ya kwaso ya juye a Labe wajen garin Mělník, da na kusan duk yankin Bohemiya, ta ƙofar ɗakinka zai bi ya fita Jamus, bashi da wata hanya.

A Agustan 2002 ruwa ya shanye garin nan, a 2010 Kamenice ce ta yi ambaliya, a Yunin 2013 Labe ta sake dawowa. Sannan ga gobarar dajin 2022 da ta ci sama da hekta 1,000 a saman garin, kuma ko yaro ya san tudun da ya rasa bishiya baya riƙe ruwa. Da can Herrnskretschen ake kiran wurin, Jamusawa ne a ciki suna sana'ar katako suna tura gungume ta kogi, bayan yaƙin duniya na biyu da ya ƙare a 1945 aka kore su, sai wasu suka zo suka zauna. Kai da ka zo jiya me ka sani game da halin kogin?

Ka san abin da ruwa ya yi mana a gidan nan. Shekara nawa mamanka ta yi bata bi ta kan gadar nan ba? Shi ne kai zaka je ka shimfiɗa katifa a bakin kogi saboda haya tafi araha, kuma ka ɓoye min. Wannan ba wayo bane, rashin tunani ne, kuma raina ya ɓaci sosai. Zaka ce ai nima na yi nisa da gida ina saurayi, eh na yi, amma duk wata sai na rubuto wa Baba wasiƙa, ya san titin da nake kwana. Kuma da na hana ku wanka a rafi kuna yara kuna ganin mugunta ce, ni na san abin da na gani.

Ban ce ka bar aikin ba, neman na kai abu ne mai kyau kuma na ji daɗi da baka zauna jiran kuɗina ba. Ɗakin kawai zaka canza. Ka nemi na sama, ko ka koma Děčín ka riƙa bin bas, ai ba nisa, abin da ya ƙaru a haya ni zan turo. Fasfonka da takardar zama su kasance cikin leda a jaka ɗaya kusa da kai, in an kwana biyu ana ruwa ka tambayi 'yan garin, in suka ce a fita ka fita kar ka tsaya ɗaukar kwamfuta.

Mamanka bata sani ba tukuna, na ce wa ƙanwarka ta yi shiru. Ka turo min hoton sabon ɗakin kafin Juma'a, da matakalar, sannan in gaya mata da kaina. Allah ya tsare min kai, ya yi maka albarka.

Babanka