Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Tsara Birane Kan Dogon Benen Da Za A Gina A Filin Kwana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Labari ya iso mana cewa takardar neman izinin gina dogon bene a filin nan da ke kwanar manyan titunanmu biyu tana kan teburinka. Ni mazaunin unguwar ne, kuma ina so a yi ginin. Fili a tsakiyar gari, ga titi, ga ruwa, ga wuta, bai kamata ya ci gaba da zama juji da makwantar matattun motoci ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma za su kai kashi 68 a 2050. Dole a samar wa waɗannan mutane wurin kwana. In ba a hau sama a cikin gari ba, gonakin bayan gari za a yi ta yankawa, ma'aikaci ya ƙare kwanakinsa a kan hanya.

Maƙwabtana sun tsaya kan yawan hawa, wasu na cewa a rage, mai ginin na cewa in an rage ba zai fita ba. Wannan gardama ta cinye taron da aka yi, har aka tashi ba a taɓa abubuwan da suka fi hana ni barci ba.

Na farko iska. Dogon gini yakan tare iskar sama ya koro ta ƙasa, kuma a kusurwarsa take fin ƙarfi, daidai inda masu tafiya a ƙasa ke tsayawa su tsallaka titi. A birnin Leeds na Ingila akwai bene mai hawa 32, Bridgewater Place, da aka kammala a 2007 a kan wata babbar mahaɗa. A watan Maris na 2011 iskar da ke gindinsa ta kifar da babbar mota a kan wani mai tafiya a ƙasa, ya mutu. Shekaru aka yi ana rufe titunan wurin duk ranar da iska ta taso, kafin a kafa shingayen karya ƙarfinta. Zanen da aka nuna mana kyakkyawa ne, ga itatuwa, ga mutane suna yawo cikin nishaɗi, amma ai a takarda iska ba ta kaɗawa. A sa mai ginin ya kawo gwajin iska daga injiniyoyin da ba yaransa ba. Haka ƙofar shigar motoci: in aka buɗe ta dab da kwanar, duk motar da ta tsaya jiran a buɗe mata ƙofa tituna biyu za ta toshe.

Sai gobara. Tsanin motar 'yan kwana-kwana galibi mita 30 yake kaiwa, wato hawa goma ko kusa da haka. Wanda ke sama da nan, matattakala ce kaɗai hanyar tsirarsa, domin ba a hawa lif in wuta ta tashi. Benen Grenfell na Landan hawa 24 ne, matattakalarsa ɗaya tak. A ranar 14 ga Yuni, 2017, wuta ta bi rufin ado da aka manna a bangonsa na waje, mutum 72 suka rasa rayukansu. Sai a 2023 gwamnati ta sanar cewa sababbin gidajen zama a Ingila da suka wuce mita 18 za su riƙa samun matattakala ta biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranka ya daɗe. Matattakala biyu, famfunan yayyafin kashe wuta a kowane hawa, tankin ruwan gobara na musamman, da wurin tsayawar motar kwana-kwana wanda ba za a mayar da shi shaguna ba bayan an buɗe gini, duk a rubuta su cikin izinin. Alkawarin baki ba ya kashe wuta.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa zai riƙe ginin bayan mai shi ya sayar da ɗakunan ya kama gabansa. Dogon bene kullum cikin ci yake. Ruwa ba ya hawa sama sai an tura shi da inji, lif sai da wuta da gyara, kankare na tsagewa, rodi na tsatsa. Ranar da lif ya tsaya, tsohuwar da ke hawa na goma sha biyar ta zama fursuna a ɗakinta. A Surfside ta jihar Florida a Amurka, wani injiniya ya yi gargaɗi tun 2018 cewa ƙasan wani bene mai hawa 12 ya lalace ƙwarai. Aka yi ta jan ƙafa kan kuɗin gyara, a watan Yunin 2021 ginin ya rufta, mutum 98 suka mutu. Don haka a wajabta asusun gyara tun ranar da aka sayar da ɗaki na farko, a kuma tsayar da lokutan da injiniya zai riƙa duba lafiyar ginin yana kai wa hukumarka rahoto.

Masu kukan cewa benen zai tare wa gidajensu hasken rana kuwa suna da gaskiyarsu, kuma maganin tsoho ne. Tun 1916 birnin New York ya yi dokar da ta sa gini ya riƙa tsukewa yana ja da baya gwargwadon hawansa, don hasken rana ya kai titi. Ana iya yin haka ta ɓangaren da ke kallon ƙananan gidaje. Magudanar ruwan unguwar ma a auna ta, domin don gidaje kaɗan aka haƙa ta, kuma in za a faɗaɗa, mai cin ribar ginin ya biya.

Roƙona shi ne kada ka sa hannu sai an baje waɗannan takardu inda kowa zai iya karantawa: gwajin ƙasa, gwajin iska, tsarin gobara, lissafin motoci, da yawan hawan da aka amince da shi, a rubuce ɓaro-ɓaro a allon bakin filin, yadda ko yaro ya ƙirga zai gane in an ƙara. Bayan nan a sake kiran taro, da yamma ko a ranar hutu, lokacin da masu zuwa aiki za su iya halarta, kai ma ka zo da kanka.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin unguwar