A Bar Farfela Ta Juya A Cikin Hoto

Malam Edita,

Ina roƙon fili domin in ja hankalin masu ɗaukar hotonmu na Legas da ke halartar bikin nunin tsofaffin jiragen sama, irin na Duxford a Ingila. Raina yakan ɓaci idan na ga hoton Spitfire, jirgin da ya fara tashi a 1936, farfelarsa a daskare tamkar injinsa ya mutu a sama, saboda an cika saurin ƙiftawar kyamara. A sassauta shi zuwa 1/250 na daƙiƙa, sannan a riƙa bin jirgin da kyamara cikin natsuwa. Tunda kyamarar dijital ba ta cin fim, sai a gwada hannu a kan motocin titin Agege kafin tafiya.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas.