Wasiƙa daga gida kan maganar makarantarmu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da sauran 'yan'uwa da ke nan Kumasi. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Tsohuwa tana gaishe ka, ta ce a tuna maka goron da ka yi mata alkawari.

Na samu saƙonka kan niyyar da ka yi ta gina aji biyu a firamarenmu, Allah Ya saka da alheri. Ka kuma tambaye ni yawan mutanen gari yanzu. Alhaji, rabon da a yi ƙidaya a ƙasar nan tun 2006, lokacin da aka ce Jigawa tana da mutum miliyan 4.3 da 'yan kai. Wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Jariran da aka ƙirga a bayan iyayensu a wancan lokaci, wasu daga cikin matan yau da nasu goyon. Haihuwa kuwa har gobe a ɗaki ake yi, ungozoma ta yanke cibi, a yi suna a watse, ba mai neman takardar haihuwa sai ranar da jarrabawa ta taso. Amma ido ma mudu ne. Gonar da muke kamun fara a bayan tsohuwar rijiya duk gidaje ce yanzu, ranar Juma'a kuma sahu har ƙarƙashin darbejiya. Da an gama girbi sai garin ya koma na tsofaffi da mata da yara, samari sun watsu ci-rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu noman rani a fadamar Haɗeja.

Makarantar tana nan inda ka bar ta, ginin zamanin UPE, shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976, da muka fara zama a cikinsa, an dai ƙara ɗan wani gini daga gabas. In ka duba rajista sai ka ce garin nan ba yaron da ke zaune a gida. In ka leƙa aji kuma labari ya sha bamban, ya danganta da watan da ka zo. Da damina ta kankama ana noma, rabin maza suna gona. Da gero da shinkafa sun fara ido, sai a tura su korar jan-baki tun asuba. Ranar kasuwa 'yan mata suna talla. Yaran rugagen Fulani da ke kewaye da mu suna zuwa wata biyu, su ɓace wata uku. Lokacin da ake dafa wa yara abinci a makaranta kuwa har tagogi cika suke, da aka daina sai aka koma gidan jiya.

Kada ka ɗauka ƙin boko ne irin na zamanin iyayenmu, da ake ɓoye yaro a rumbu in an ga malamin makaranta ya doso gida. Wannan ya wuce. Yaran nan su ne suke cika makarantar allo da asuba, su cika Islamiyya da yamma, 'yan mata ma sun fi yawa a can. Mutumin da ya taɓa kai matarsa asibiti tana naƙuda ya rasa mace da za ta duba ta, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kan karatun 'ya mace.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya malamai ne. A takarda an ce malami ɗaya yara 35. A nan mutum ɗaya yakan haɗa aji biyu, ya ba waɗannan aiki a allo ya ruga wurin waɗancan. Yawancinsu daga cikin gari suke zuwa a babur, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin zuwa da komawa yake cinye albashin. Sai mutum ya zo Litinin da Talata, ya tsallake Laraba. Ni ban cika ganin laifinsu ba. In ruwa ya cinye hanya kamar yadda ya yi a ambaliyar 2022, makonni ake yi ba a buga ƙararrawa ba.

Sai kuma maganar bayan aji shida. Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. To ƙaramar sakandaren tana garin hakimi, tafiya ce mai nisa ta cikin gonaki. Namiji yakan lallaɓa a keke. Mace kuwa, wane uba ne zai saki 'yarsa mai shekara goma sha uku ta bi wannan hanya ita kaɗai? Daga nan sai zaman gida, sai kuma a kawo kuɗin gaisuwa.

Saboda haka ga shawarata, in za ka ji. Kuɗin aji biyun nan a gina ɗakuna biyu da banɗaki a gefen makaranta, malamai su riƙa kwana daga Lahadi zuwa Alhamis. Abin da ya rage a ɗauki nauyin yara biyu 'yan garin, mace da namiji, su je kwalejin ilimi ta Gumel su yi NCE, wato takardar shaidar malanta, da sharaɗin su dawo gida su koyar. Ɗan gari ba ya cewa hanya ta yanke. Na san aji ya fi daɗin gani a hoto, kuma shi mutane za su nuna su ce na wane ne, amma wanda muke da shi ma wani lokaci ba mai tsayuwa a gabansa.

Na taɓa wa dagaci maganar, ya ce fili ba matsala. In ka amince ka sanar da ni kafin Sallah, don a buga bulo tun ruwa bai sauko ba, ka san yadda siminti yake tashi.

Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa babban ya riƙa kiranmu ko don Hausarsa ta zauna. Wassalam.

Naka amini.