Zuwa Ga Uwar Da Aka Zane Ɗanta A Asambile

Assalamu alaikum, Hajiya.

A wajen laccar tarbiyya ta ranar Asabar kin miƙe gaban jama'a kin yi mini tambaya, sai kiran sallah ya katse mu ban ba ki amsa ba. Kin ce an kama ɗanki, ɗan aji biyu na babbar sakandare, da waya a ɗakin kwana. Aka zane shi a asambile har bayansa ya farfashe, aka fasa wayar, aka kore shi na mako biyu. Ke kina so ki sa hoton bayan a Facebook, maigida kuwa ya ce da shi ne ƙara masa zai yi. Kika ce, "Malam, ni da babansa wa ke kan gaskiya?"

Hajiya, yaron ya yi laifi, kuma an wuce gona da iri wajen horonsa. Maigida laifin kawai ya gani, ke kuma tabon. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da kika ce a tsakar gida kuka yi wannan musu, yaro na zaune a kan tabarma yana jin ku. Ɗan shekara 16 ba ƙaramin wayo gare shi ba. Ya riga ya gane ƙofar da zai riƙa bi idan ya yi ɓarna. Ku shiga ɗaki ku rufe, ku yi ta ja-in-ja har ku gaji, amma ku fito masa da baki ɗaya.

Na daɗe ina riƙe da alli, kuma akwai ranar da har yanzu nake ganinta. Wani uba ya shigo makarantarmu ko mota bai kashe ba, ya ci kwalar wani ɗan bautar ƙasa a gaban aji saboda ya sa ɗansa tsallen kwaɗo. Ya tafi yana ganin ya ƙwato wa ɗansa 'yanci. Daga ranar ba malamin da ya sake ce wa yaron uffan. Ya makara, shiru. Ya yi barci a aji, shiru. Littafinsa ma sai a sa hannu a miƙa masa ba gyara. Na yi ta roƙon malamai, suka ce, "Malam, wa zai ja wa kansa?" Da sakamakon WAEC ya fito, uban nan ya zo yana tambaya me ya faru, na rasa bakin da zan faɗa masa. Abin da nake jiye wa ɗanki ke nan idan hoton nan ya fita. Kuma hoto in ya shiga waya ba ya dawowa. Abokansa za su riƙa tura masa shi har bayan ya yi gemu.

Shi kuma maigida, a gaya masa shirunsa ba dattako ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ba a ce a karya shi ba. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana a ji wa yaro rauni ko a wulaƙanta shi da sunan horo, malamanmu na addini ma da suka yi maganar dukan ladabtarwa sun gindaya sharaɗin kada ya bar rauni. Yaron da ya nuna wa ubansa baya duk jini aka ce masa "madalla", gobe in abin da ya fi wannan ya same shi ba zai faɗa ba.

Don haka ku je makarantar, ku biyu, ranar Litinin. Ku fara kai shi asibiti a duba bayan, ku riƙe takardar. Ku wuce ofishin firinsifal kai tsaye, kada ku nemi malamin da ya yi dukan. Maigida ya fara da cewa, "Ɗanmu ya karya doka, mun karɓi korar." Wannan kalma ita ke sa a saurare ku. Sannan ku nemi a nuna muku inda dokar makaranta ta ce a fasa waya maimakon a ajiye ta a kira iyaye. Ku tambaya wa ya ba da izinin bulalar, guda nawa, kuma an rubuta a kundin horo? A makarantun da na yi aiki, ba a taɓa yaro da bulala sai da sanin firinsifal, kuma sai an rubuta. In an yi muku kunnen uwar shegu, akwai shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, bayansa akwai ofishin ilimi na shiyya.

Mako biyun nan kuma kada ya zama hutu. Ku karɓo masa darussan da zai rasa daga wajen abokansa, ku tambayi ranar da zai rama gwajin da ya wuce shi, don baɗi war haka yana ɗakin jarrabawa. Wayar kuwa, kada ki saya masa wata a ɓoye. In ya dawo makaranta, babansa ne zai kai shi da kansa har gaban firinsifal.

Allah Ya shirya mana su. A gaida maigida.