Amsa ga 'yata ta Rigasa da laulayi ya hana ta sakat

Assalamu alaikum 'yata,

Ranar da aka gayyace ni shirin lafiyar iyali a rediyo, saƙonki ne na ƙarshe da mai gabatarwa ta karanta, lokaci kuma ya ƙure kafin in ce komai ban da "Allah ya sauwaƙe". Kin rubuto daga Rigasa, nan Kaduna, cewa cikin fari ne gare ki, wata biyu da ɗoriya, duk abin da kika sa a baki sai ya dawo, ƙamshin girki ma bai bar ki ba. Surukarki kuma ta ce su a zamaninsu da ciki suke daka da surfe, ki daure. Sai kika tambaya: "Mama, ragwanta ce ke damuna ko ciwo ne, kuma me zan yi?" Tun da a bainar jama'a kika yi tambayar, bari amsar ma ta zo a nan, don na san irinki suna da yawa daga Kawo har Kakuri.

Ba ragwanta ba ce, ba kuma shagwaɓar amarya ba. A cikin mata goma masu juna biyu, bakwai zuwa takwas suna laulayi, wata kaɗan, wata har ta kwanta. Idan aka ƙirga daga al'adar ƙarshe, yakan fara wajen mako na 6, ya tsananta wajen mako na 9, sannan ya lafa wa mafi yawan mata tsakanin mako na 14 da na 16. Wasu sukan kai mako na 20, 'yan kaɗan har haihuwa. Ke yanzu kina tsakiyar ganiyarsa ne.

An daɗe ana ɗora alhakin abin a kan sinadarin hCG, wanda shi ne tsinken gwajin ciki ke ganowa a fitsari. A ƙarshen 2023 masana daga Jami'ar Kambirij ta Ingila da takwarorinsu na Amurka suka fitar da bincike a mujallar Nature da ya nuna wani sinadarin, GDF15. Mabiyiya ce ke zubo shi cikin jinin uwa, shi kuma ya je ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke tayar da zuciya. Macen da jikinta bai saba da shi da yawa ba kafin ta ɗauki ciki ita ta fi wahala. Ashe Hajiya surukarki gaskiya ta faɗa da ta ce ita ta yi surfe da cikinta, ke ma gaskiya kika faɗa da kika ce ba za ki iya ba. Abin yana bin dangi ma. Ki tambayi mahaifiyarki yadda ta sha da cikinki.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne kada cikinki ya zauna babu komai. Mai laulayi takan ƙi cin abinci don tsoron amai, yunwar kuma ita ke ƙara tayar da zuciyar, sai a yi ta zagaye. Ki ajiye busasshen biskit ko gasasshen burodi a gefen gado, ki ɗan ci da asuba kafin ki miƙe, ki jira kaɗan sannan ki tashi alwala a hankali. Ki manta da tsarin karin kumallo, abincin rana da tuwon dare na ɗan lokaci. Loma biyu uku duk bayan awa biyu ta fi miki kwano cike. Farar shinkafa, dafaffen dankali, ayaba, koko mara yaji, kunun tsamiya, dafaffen ƙwai, 'yar gyaɗa, duk wanda ya zauna shi ne naki. Ƙosai, awara da duk abin da ya sha mai a jingine su tukuna. Abincin da ya huce ya fi mai zafi sauƙi, domin tururi ne ke ɗauko wari. Kada ki damu wai ɗan zai rasa abinci: a wannan matakin ƙanƙane ne ƙwarai, abin da ke jikinki ya ishe shi muddin ruwa yana zama a cikinki.

Ruwan kuwa kurɓa-kurɓa ake sha, tsakanin ci da ci, ba a kwankwaɗe shi a kan abinci. Mai sanyi da 'yar matsar lemon tsami yakan zauna, wata ma ƙanƙara take tsotsa. Idan kin yi amai da yawa ki haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari, ki riƙa kurɓa. Bayan amai ki kurkure baki da ruwa, kada ki goge haƙora nan take, tsamin ciki yana cin su. Idan kuma yawu ya cika miki baki, ki riƙe 'yar roba mai murfi ki tofar abinki, ba abin kunya ba ne.

Citta tana aiki, ba zancen tsofaffi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta, tare da bitamin B6, cikin shawarwarin awon ciki da ta fitar a 2016. Ki daddaka ɗan gutsuren ɗanyar citta kamar kan yatsa, ki jiƙa a ruwan zafi, ki sha kaɗan-kaɗan. Idan ta sa miki ƙwannafi ki rage. B6 ɗin kuma a wajen awo za a rubuta miki adadinsa. Na san ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo tana tayar wa mata da yawa zuciya, har wasu su jefa ta ƙarƙashin katifa su daina zuwa awon gaba ɗaya. Kar ki yi haka. Ki gwada shanta da dare bayan kin ɗan ci wani abu. In ta ƙi, ki gaya wa nas, za ta iya barin ki a kan folik asid kaɗai har laulayin ya lafa, don shi ne ba a so a rasa a watannin farko.

Akwai magungunan amai da likitoci suka daɗe suna ba masu ciki lafiya lau, saboda haka ba dole sai kin wahala ba. Amma a rubuta miki. Kada a aiki yaro kemis, kada kuma ki karɓi jiƙo daga maƙwabciya ko mai tallar magani a mota. A ƙarshen shekarun 1950 an sayar wa mata a Turai wani magani, talidomayid, don laulayi, aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961.

Haƙuri yana da iyaka. Idan kin yi yini da kwana ko ruwa bai zauna ba, ko fitsarinki ya ragu ya yi duhu, ko jiri na ɗibar ki in kin miƙe, ko kina ramewa har zani na kwancewa, ko kin ga jini a amai, ko akwai zazzaɓi ko ciwon mara, to a ranar za a tafi asibiti. Wannan matsanancin laulayi yana samun mace ɗaya zuwa uku a cikin ɗari, maganinsa ƙarin ruwa ne da allurar tsayar da amai da bitamin B1. Matar Yarima Wiliyam na Ingila ma sai da aka kwantar da ita saboda shi a 2012, ita da ba ta da tulin wanke-wanke. A ƙasarmu kuma ba kowane amai ne laulayi ba: zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara sukan ɓuya a bayansa, don haka a gwada jini da fitsari. Hoton ciki zai nuna ko tagwaye ne, su ma sukan tsananta shi. Ki fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku; in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki gaba, ga asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ga na Barau Dikko.

Ki ba maigida ya karanta daga nan. Malam, hancin matarka ya fi naka ji a yanzu nesa ba kusa ba. Suyar albasa, daddawa, man ja, turaren wuta, har turaren da kake fesawa, duk suna iya tayar mata da zuciya, ba kai ta tsana ba. A ɗauke mata girki na 'yan makonni, a kawo ƙanwa ta taya ta ko a karɓo daga gidan Hajiya. A buɗe tagogi, a matsar da janareto daga bakin ɗakinta, a bar ta ta yi barcin rana. In azumi ya riske ta a wannan hali, addini ya yi wa mai ciki rangwame, ku tambayi malami yadda za ta rama. Hajiya kuma, da girmamawa nake roƙo, ke kika fi kowa sanin hannun kunun tsamiya. Ki dama mata mara yaji, a ƙaramin kofi.

In ba ki fara awo ba, 'yata, ki fara a makon nan, a auna nauyinki a rubuta, domin da shi za a gane ko kina ramewa. Allah ya raba lafiya.

Mamanki,
Ungozoma daga Tudun Wada, Kaduna