Zuwa ga Abba, a kan kamala

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka da sauran yaran shago a Kwari.

Gwaggonka ta Mandawari ta zo ranar Lahadi tana ta yabonka, wai ka zama ɗan gayu, ga shadda ga zanna, ƙamshi tun daga soro. Na ji daɗi, tsafta ai abin so ce. Amma da na tambaye ta ko ka durƙusa da ka zo gaishe ta, sai ta yi dariya ta ce waya ce ta riƙe ka. Shi ya sa na ɗauki biro.

Gayu tela ne ke ɗinka shi. Abin da nake maka kwaɗayi kamala ce, wadda in mutum yana da ita ko a tsohuwar riga za a ba shi wuri. Ka yi sallama ka tsaya a soro sai an ce ka shigo. Ka tuɓe takalmi nesa da tabarmar babba, kada ka riga shi miƙa hannu, kada ka kama sunansa gatsal. Akwai Baba, akwai Alhaji, akwai Allah ya gafarta Malam. Gaisuwa kuma ba a yi mata gaggawa: kwana, gajiya, iyali, kasuwa, kowanne da muhallinsa, kuma ka saurari amsa.

Ka yi wayo a ƙarshen zamanin marigayi Sarki Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. Mu da muke tsayuwa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, dawakai da alkyabba mun gani, amma abin da muke komawa gida da shi a baki natsuwarsa ce: tafiya sannu, magana ƙasa-ƙasa, kalma a aune. Ba sai da rawani ake koyon wannan ba.

Inda ake gane ta sosai kuwa wajen na ƙasa da kai ne. Rusuna wa Alhajin da ya sari dila goma, kowa ma zai iya. Ɗan dakon da ya sauke maka kaya fa, da almajirin da ya tsaya bakin shago, da tsohuwar da ta taya atamfa rabin kuɗi? Ka ce mata "Albarka, Iya" fuska a sake, ka nuna mata wadda kuɗinta zai kai. In ba ta saya yau ba, ta san ƙofar.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka biyo ta gida, mahaifiyarka na da saƙo zuwa Fagge. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Yakasai